Rasuwar Kaset Ɗin da Ya Koya wa Ruwaida Goge

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani fushi da ba ta ga dalilin ɓoye shi ba, Malama Ruwaida Ari ta unguwar Kwaciri, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, tana sanar da rasuwar kaset ɗinta na kiɗan Turawan da, wanda ya cika ranar Lahadi a Sabon Gari, a cikin rikodar da ba tasa ba.

Ba a san sunan marigayin ba, domin takardar jikinsa ta ɓare tun kafin ya shigo hannunta. Baba Innocent, maƙwabcinsu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya bar mata shi tare da gogen Turawa ranar da zai koma garinsu. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Mutum huɗu ne a ciki, 'yata, kuma kiɗan ya girmi kakan kakanki. Ki bi na sama."

Ta bi na sama. Sirarran goge biyu ne, ɗaya na kira ɗaya na amsawa. Babban goge mai kaurin murya yana tafe a ƙarƙashinsu, dum, dum, kamar dattijo na hawa bene. Can baya kuma wani abin kiɗa yana ƙil-ƙil-ƙil, sai ka ce ana zuba allurai a faranti. Marigayin mai natsuwa ne, bai taɓa gaggawa ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, mai makoki, irin wadda ke sa mai cin abinci ya ajiye cokali.

Ruwaida na so jama'a su sani cewa babu malamin da ya koya mata. Daga bakin marigayin ta ɗauka, da kunne, a tsohuwar rikodar babanta, tana mayar da shi baya da biro don kada batir ya ƙare. Shi ya zauna da ita shekarun da ta yi tana jiran gurbin jami'a, lokacin da matan layi suka sa mata suna 'yar goge, suna tambayar innarta yaushe za a fara bori a gidan. Inna ta sha ɓoye gogen a bayan buhun masara, Ruwaida ta sha ciro shi ta kakkaɓe. Ta gama digirinta ba ta ajiye shi ba, kuma ba ta nemi afuwar kowa ba.

Ciwon ajali ya fara ne da gayyata. Ujunwa, aminiyarta tun firamare, ta roƙe ta ta yi wannan kiɗa a liyafar aurenta ranar Asabar, karon farko ke nan da za ta tsaya gaban jama'a. Aka haɗa ta da Okechukwu, mai buga piyano a cocin su amarya, don su gwada tare. Ba ta yi nisa ba ya ɗage hannu.

"Hajiya, muryar gogenki ta faɗi ƙasa. Kuma wannan da kike ja kamar amalanke, ai rawa ce."

"Malam, yau ka fara jin sa. Ni da shi na girma."

Ujunwa ta dafe kai ta ce, "Ruwaida, don Allah, aure zan yi, ba gawa za a fitar ba. In haka ne gara a kunna sifika kawai."

Ranar Lahadi Ruwaida ta sa marigayin a jaka, ta shiga adaidaita, ta ratsa cunkoson Bata, ta kawo shi ya ba da shaida. Okechukwu ya ciro wata lafiyayyar rikoda daga ma'ajiyar coci. Marigayin ya buɗe baki, sai ya ba da shaida a kanta. Murya ta ɗaga sama tangaran. Dattijon da ke hawa bene sai ga shi a guje yana tsallake matakala. Gogen biyu da ta ɗauka kuka suke, ashe tsere suke suna dariya. Bel ɗin rikodar babanta ne ya saki, shekara da shekaru yana jan kiɗan a hankali, yana sauke masa murya. Duk hawayen da ta zubar, a kan kiɗan rawa ta zubar da su.

Daga nan marigayin ya yi wiii, ya yi ƙurrr, rikodar ta tauna zaren ta tsinka. An gwada salatif, an gwada jan farce, rai ya yi halinsa.

Ya rasu ya bar biro mai shatin haƙori, da rikodar baba wadda ake tuhuma amma aka sallame ta saboda tsufa, da ɗaliba guda wadda tun ranar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta ƙara ɗaure tsirkiyar gogen. Yatsunta sun yi sabuwar kanta a kan tsohuwa. Tana cikin aji tana rubutu a allo, ƙafarta na buga ƙasa. An gode wa masu cewa a nemo wani a waya. Ko an samu, mai sauri za a samu, mai jan jikin nan a ɗakinta kaɗai ya taɓa rayuwa. Ujunwa kuma ta aiko cewa in ba za ta iya ba, ba komai. Wannan "ba komai" ta fi sunan 'yar goge ƙona mata rai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a zauren liyafar, a Sabon Gari, bayan an yanka kek. Babu zaman makoki, masu ta'aziyya su zo da takalmin rawa. Ruwaida za ta yi kiɗan da saurin da marigayin ya bayyana a numfashinsa na ƙarshe. Ana shawartar Malam Okechukwu da ya ci abinci sosai kafin ya zo, ya kuma miƙe yatsunsa, domin da zarar ta ɗora gogen a kafaɗa, ba za ta jira kowa ba.