Ni da Ƙafar Surukata

Ko na so in manta ranar da na raka surukata asibiti, ba zan iya ba. Har yau in na tuna sai in ji gumi ya karyo mini.

Dada, mahaifiyar matata, Bafulatana ce da ke zaune a Abbare. Ciwon suga ya buɗe mata gyambo a ƙauri, ya ƙi warkewa. Mun sha wahalar layi da ɗaukar hoto kafin a sa ta a inshorar lafiya ta gwamnati, wadda ake yi wa tsofaffi da naƙasassu marasa hali. Sai dai tsarin yana da sharaɗi: ƙaramin asibitin da aka haɗa ka da shi ne zai fara duba ka, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya tura ka babba. In bai tura ka ba, sai ka biya da aljihunka, mu kuwa aljihun ya daɗe da mutuwa.

Matata na jego, sai na ce ni zan kai ta. (Ta ce in mun je in tsaya a waje. Na ce to, irin "to" ɗinmu na maza.)

Muka yi zaman benci tun hantsi har azahar, bayana ya ƙage, raina ya gama ɓaci. Da aka kira ta, na bi ta ciki ina gyara hula, wai ni mai bayani.

Nas ɗin, wata 'yar ƙabilar Kona, ta ce, "Mama, ina ne yana damun ki?"

Dada ta kalli bango. "Jam. Ba komai. Jiki yana lafiya."

"Ƙafa fa?"

"Ƙafa ma yana lafiya."

Na ga nas ta ɗauki biro za ta rubuta farasitamol ta sallame mu. Zaman wuni zai tashi a banza, ƙafa kuma ta ci gaba da ruɓewa. Ni da na tashi a unguwar Sintali cikin Fulani, na san sarai Dada ba za ta faɗi ciwo a gaban suruki ba, ko ruwa ba ta taɓa sha a gabana ba. Amma gajiya ta ɗauke mini hankali. Na durƙusa na ce, "Sista, duba nan," na kama bakin zanen surukata na ɗaga har gwiwa.

Dada ba ta yi ihu ba (da ma ta yi, da na fi samun sauƙi). Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Sista, ki ce ma wannan mutum ya saki zane."

Sai a lokacin na lura ashe har yanzu ina riƙe da shi.

Nas ta ce, "Oga, kai ɗanta ne?"

Na ce, "Mijin 'yarta."

Ta dafe kai. "Wayyo Allah! Fita, don Allah fita."

Na fito ina tuntuɓe da takalman mutane, na tsaya gindin mangwaro, inda aka ce in tsaya tun farko.

Nas ta ga gyambon, a ranar ta tura ta babban asibiti. Amma Dada ta ƙi shiga keke ɗaya da ni, sai da na tare mata wani na bi su a baya kamar ɗan rakiyar gawa. Da dare ya yi matata ta kawo mini saƙo: Dada ta ce an gode, kuma kada in ƙara.

Yanzu in mace ta ce mini tsaya a waje, tsayawa nake yi, ba na tambayar dalili. Ƙafar ta warke, alhamdulillahi. Gaisuwarmu ce har yau sai ta bayan labule.