Ranar da Na Ce Kwamfuta Ta Ƙone

A ofishinmu na Kambarawa ni ne gwanin kwamfuta, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Da za a ɗauki sakatariya, ni Oga ya sa in gwada masu neman aikin. Na sha babbar riga, na harɗe a kujera.

Ta farko dattijuwa ce, Hajiya Rabi. Tun muna gaisawa na kayar da ita a zuciyata. Na ce, "Hajiya, kunna kwamfutar kawai mu gani."

Ta danna, shiru. Na yi murmushi, na danna da kaina. Shiru. Na bubbuga ta, na kasa kunne, sannan na sanar da Oga cewa ta ƙone, sai an kai ta Kano.

Hajiya ta leƙa ƙarƙashin tebur. "Malam, wa ya zare kwamfutar daga soket ya sa cajin wayarsa?"

Wayata ce. Oga ya daɗe yana kallona.

Hajiya ta samu aikin. Shekara uku ke nan, ko biro ne ya ƙi rubutu a ofis, sai ta ɗago kai a natse ta ce, "Malam, a kai shi Kano?"