Ranar da Ganga Ya Share Kwamfutarsa Tas

"Ni fa, kwamfuta in ta ji takuna, da kanta take gyara zama!"

Ka ji Gwani ke nan, abokina. Shi ya raɗa wa kansa sunan, amma mu a ofis Ganga muke ce masa, don sai ƙara, ciki fayau. Manhaja muke rubutawa, kuma kafin a miƙa wa mai ita sai an yi mata gwaji. Akwai wasu 'yan ƙananan umarni da ke yi wa gwajin hidima: wannan ya buɗe jakar wucin gadi a cikin kwamfuta, wancan ya zuba fayiloli, na ƙarshe, wato mai shara, ya share wurin in an gama. Abin da ake so kawai su yi aiki a kwamfutar kowa, amma sai suka fara ba mu matsala.

Da Hajiya, shugabarmu, ta ce wanda ya gyara su shi zai jagoranci sashe, sai Ganga ya buga ƙirji ya ce kowa ya matsa. Ya sake rubuta su, ya cusa adireshin jakar da ke kwamfutarsa shi kaɗai. A tawa gwajin ya faɗi warwas, a ta Doguwa mai tebur kusa da shi ma haka.

"Malam, a wurina sakamakon ja ne fa, ya faɗi," in ji Doguwa.

"A wurina kore shar! Kwamfutarki ce ba ta da tarbiyya."

Hajiya ta ɗaure fuska, sai gogan ya ɓullo da dabara: in mai shara bai ga jakarsa ba, ya haura zuwa babbar jakar da ke samanta ya share, ya yi ta haurawa.

"Tsintsiyata ba ta dawowa hannu rabbana," in ji shi.

"Ka gwada kuwa?" na tambaye shi.

"Mai shakka ke gwadawa."

"To sa shi a rumbun da kowa ke ajiye aiki mana."

"Ku kwafe min basira? Allah ya kiyaye!"

Ranar nunawa muka taru gaban majigi. Ganga ya sha babbar riga, ya canza wa jakar suna don burga, ya danna da ɗan yatsa ɗaya yana kallon silin. Mai shara ya nemi jaka bai gani ba, ya haura. Ya cinye gwajin, ya cinye sabon gyaran, ya bi ta kan hotunan auren Ganga. Wallahi sai da na ji tausayinsa, amma dariya ta fi ƙarfina.

Allo ya nuna: kuskure babu.

"Kun gani!" Ganga ya daka tsalle.

"Gwajin ma babu," in ji Doguwa. "Ina aikin naka?"

Ya leƙa nan, ya leƙa can, wayam. Gumi ya keto masa har ƙeya.

Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi.

"Jagoranci dai ka manta da shi. Amma shara kam, ban taɓa ganin irin taka ba. A miƙo masa tsintsiya, ya fara da ƙarƙashin teburina."