Yadda Ake Dawo da Miji Gida Ranar da Ƙwai Zai Fito

Ku yi haƙuri, ban yi aure ba, kuma ban taɓa rubuta komai ba. A littafi na karanta, sauran a wajen Anti Lubna na gani, matar Yaya Rilwanu da ke aiki a Haɗeja yana zuwa Gwiwa jefi-jefi. Shekara biyu suna neman haihuwa. Ki bi matakan nan, na rantse mijinki zai dawo.

1. Ki san lokacinki. Akwai sinadari a jiki, LH sunansa. In ya tashi, ƙwan haihuwa na hanya, kuma ba ya jiran mai neman izini a ofis. Tsinken gwajin fitsari zai nuna miki. Ki aika Kazaure a sayo. Mai kemis ɗin unguwa abokin kawunmu ne, zai kai labari gida.

2. Ki kira shi. Kada ki faɗi dalili, surukarki Hajiya Tasalla na tsince wake a bakin taga. Ki marairaice: "Ba ni da lafiya, ka taho yau."

3. Ki manta Hajiya ma ta ji. Nan Anti ta ƙware. Kafin la'asar an sanar da dangin da ke Roni da Ɓaɓura. Masu dubiya suka cika ɗaki da kunu da lemo.

"Sannu Lubna, ina ke ciwo?"

"Ko'ina, Gwaggo."

4. Ki tarbi mijinki. Zai sauka daga acaɓa hankali a tashe. Ki kafe shi da ido. Namiji ba ya karanta ido. Yaya cewa ya yi, "Hajiya, dubi idonta, abin ya yi tsanani!"

"Ni zan kwana da ita," in ji Hajiya. "Kai tafi ɗakin ƙanenka Daudu."

5. Ki warke da wuri. Amma fa bayan ƙwai ya wuce, wani sinadarin, furojestaron, yakan ɗan ɗumama jiki. Hajiya ta dafa goshin Anti, ta ce, "Ga zazzaɓin ya fito fili." Ta ƙara mako tana kwana da ita. Yaya ya koma aiki yana yi wa uwarsa godiya.

Abin da ya biyo baya ba ruwana. Ni budurwa ce, ban ma san waɗannan abubuwa ba. Ga Anti can tana neman wadda ta ba ta shawarar ta ce ba ta da lafiya. Bari in zame ta ƙofar baya, takalmana a hannu.