Fuskar Yallaɓai da Gonar Baffa Nata'ala

Yau da safe maiɗakina Larai tana gyaran akwatin kayana, sai na ji salati daga ɗaki. Na shiga da gudu ko takalmi babu, na ɗauka kunama ce. Ashe wani ɗan hotona na fasfo ta tono a ƙarƙashin riguna. Ta riƙe shi nesa da jikinta, ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Malam, wace cuta ce wannan kake ɓoye mini?"

Ban ga laifinta ba. Mutumin da ke cikin hoton hulata ce a kansa, hancina ne a fuskarsa, amma kore ne shar tun daga goshi har gemu, kamar an tsamo shi daga tukunyar miyar kuka. Na rantse mata lafiyata ƙalau, aikin hukuma ne kawai ya bi ta kaina. Ta ce, "Ai da gara cutar, ita ko ba komai tana da magani." Tunda ita ba ta tsaya ta ji bayani ba, bari ku in yi muku.

Maƙwabcina Yahuza yana da ɗan shago kusa da tashar mota a nan Dutse. Bara ya je Kano ya sayo kwamfuta ta hannu da firinta mai kala, ya haɗa da kyamarar nan ta zamani da ba ta cin fim. Ba wanda ya koya masa, da taɓe-taɓe da ɓarnar takarda ya gane kan abin. Ya taɓa nuna mini cewa kafin a buga hoto akwai wasu layuka da ke fitowa a allon kwamfutar: na ja, na kore, na shuɗi, da na haske. In ka ja layi dama launin ya ƙaru, in ka ja hagu ya ragu. Sai dai injin ba ya son kai. Abin da ya yi wa sama shi zai yi wa ƙasa, abin da ya yi wa bango shi zai yi wa mutum. Da za a samu irin wannan adalci wajen rabon taki, da tuni na daina rubutu a jarida.

Shi Yahuza maraya ne, wan mahaifinsa Baffa Nata'ala ya riƙe shi a wani ƙauye ta hanyar Kiyawa. Geron gonar Baffa ya ci ya girma. To, shekarun baya wani babban mutum, wanda saboda girmamawa zan kira shi Yallaɓai Sarkin Yaƙin Itatuwa, ya tashi zai kori hamada daga ƙasarmu. Wata ƙungiyar Turawa ta ba da tallafi. Aka duba ko'ina aka rasa inda hamada ta fi barazana sai gefen titi, inda motocin baƙi za su iya tsayawa ba tare da sun shiga yashi ba. Nan kuwa gonar Baffa take. Aka yanke rabinta, aka dasa darbejiya layi-layi, aka yi jawabi, aka yi tafi. Tankar ruwa ta zo ranar, ta jiƙa inda Yallaɓai zai durƙusa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Aka kuma shaida wa Baffa cewa in Turawa suka ga hoto dashen ya kama, za a shiga kashi na biyu, wato sauran rabin gonar.

Ran nan cikin bazara na je shagon a ɗauke ni hoto, saboda an ce bana sai da katin shaida za a sayar mana da taki. Na tarar da Alhaji Jaji, mai riƙe wa Yallaɓai jaka, ya tsaya a kan Yahuza yana zuba gumi. A allon kwamfuta ga Yallaɓai cikin farar babbar riga, ya dafa wani busasshen tsinke yana murmushi. Bayansa fili ne fetal, ja wur, sai sanduna cikin kwanduna, sai wata akuya can gefe tana kallon ikon Allah.

"Abu biyu Yallaɓai yake so," in ji Jaji. "A kore filin nan, ya yi shar kamar tsakiyar damina. Sannan a haska masa fuska, rana ta dafa shi ranar. Gobe da sassafe mai kai wa Turawa hoton zai tashi."

Yahuza ya gane gonar tun kafin a gama magana. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya ce a hankali, "Alhaji, yanzu fa zamanin Shari'a ne. Ƙarya da tawada ma ai ƙarya ce."

"Wa ya ce maka ƙarya? Gyara ne. Kai da kake da shago a bakin titi, kana ganin wasu ana cewa sun tare hanya, ai ka fi kowa sanin amfanin zaman lafiya da manya."

Yahuza ya fahimci zancen, ni ma na fahimta. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ga shagon da yake ci da iyali, ga gonar tsohon da ya raine shi, kuma da hannunsa ake so ya miƙa ta. Ya ja layin kore dama. Firinta ta yi ta gurnani, takarda ta fito. Wallahi filin ya yi kyau, har ka ji kamar ka ɗaure saniya a ciki. Amma babbar rigar ta koma kore, akuya ta koma kore, Yallaɓai kansa ya fito kamar ɗanyen mangwaro.

Jaji ya ce a'a, a haska fuskar. Yahuza ya ja layin haske. Fuska ta fito fes, sai ka ce Balarabe, amma filin ya koma fari fat, sandunan ma suka ɓace, ba ka ganin komai sai yashi. Jaji ya ce to a bar injin ya gyara da kansa, tunda an ce yana da wannan dabara. Aka danna masa. Injin ya duba hoton, ya ga abin da ya fi dacewa shi ne ya fito da gaskiya sosai, sai ya ƙara wa ƙasar ja, ya fito da haƙarƙarin akuyar ɗaya bayan ɗaya. Jaji ya ce a kashe wannan, injin ɗan adawa ne.

Haka aka yi ta yi, a ja dama a ja hagu, har tawada ta fara ƙarewa, janareto yana shan man da Yahuza ya wuni a layi kafin ya samu. Daga ƙarshe Jaji ya zaɓi mai koren. Ya ce Turawa itace suke nema, kuma ai koren fuskar kaɗan ne, in an kalle shi daga nesa. Ya ɗauka ya tafi nuna wa maigidansa.

Yahuza ya juyo ya dube ni. "Malam, me zan ce wa Baffa?" Sai na tuna masa hotona. Ya ɗauke ni, ya buga, hankalinsa na can ƙauye. Ya manta bai mayar da layin kore mazauninsa ba. Abin da Larai ta gani yau, shi ya faɗo daga injin.

Ina tsaye ina kallon kaina cikin takaici, sai ga jiniya. Yallaɓai ne da kansa, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Jaji na biye yana cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi kaɗan ne, hasken ofis ne ya sa ka ga kamar da yawa." Yallaɓai bai kula shi ba. Idonsa ya sauka a kan hoton da ke hannuna. Ya karɓa, ya ɗaga shi daidai kunnena, ya dubi fuskata ta Allah, ya dubi ta injin. Ya daɗe yana dubawa.

"Bawan Allah, kai ne wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Haka ake so a kai ni ƙasar Turawa?" Ya juya kan Jaji. "A rataye ni a bangonsu kamar hawainiya? Ina mai hasken?"

Yahuza ya zaro shi daga ƙasan tebur da hannu biyu. Yallaɓai ya duba, fuskarsa ta saki. "Yauwa. Wannan shi ne ni. A buga babba."

Jaji ya buɗe baki. Na tabbata so yake ya ce, ranka ya daɗe, babu itace ko ɗaya a ciki. Amma mutumin da ya shekara yana riƙe jaka ya san lokacin da ake haɗiye magana. Ya ce, "Gaskiya ya yi kama da kai, ranka ya daɗe." Na kuma san akwai masu kwamfuta a Kano da ke iya gyara fuska daban, fili daban. Na dubi Yahuza, ya dubi silin. Ni ma na ga silin ɗin ya cancanci kallo.

Jama'a, a nan dole in yaba wa Yallaɓai. An sa shi zaɓi tsakanin dajin da ya yi alkawari da fuskar da yake gani a madubi, bai yi jinkiri ba ko na ƙiftawar ido. Irin shugabannin da muke roƙo ke nan, masu yanke shawara nan take.

Hoto ya tafi. Kafin ruwan farko labari ya dawo cewa Turawa sun yaba da lafiyar Yallaɓai matuƙa, amma ba su ga dalilin shiga kashi na biyu ba, tunda na farko ya koma hamadar da aka zo kora. Aka kafa kwamitin binciken awakin da aka ce su suka cinye dashen. Ba wanda ya sake bi ta kan gonar.

Makon jiya na raka Yahuza ƙauye. Muka tarar da Baffa Nata'ala a duƙe yana noma, gero ya kai gwiwa a rabin da ya rage masa, har ya ɗan tsallaka ya shuka wake tsakanin kwandunan hukuma. Yahuza ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi labari tun daga farko. Tsohon bai gane zancen layin kore da na haske ba, kuma bai damu ya gane ba. Ya share gumi, ya dubi gonarsa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ni dai na yi ta kai kuka ofis-ofis ba wanda ya ji. Ashe ba kunnensu ake bi ba. Allah ya ƙara wa Yallaɓai son fuskarsa." Muka ce amin, kuma ban taɓa faɗin amin da zuciya ɗaya irin ta ranar ba.

Taki dai har yau ban samu ba, don mai ba da kati ya ce hoton ba nawa ba ne. Larai ta ce in ƙona shi kada yara su gani su firgita. Na ƙi. Gilashi zan sa masa in rataye a zaure, domin a duk shirin nan na korar hamada, da jawabansa da tankarsa da jiniyarsa, ni kaɗai ne abin da ya yi kore.