Inshora Mai Rahusa: Yadda Ake Zaɓen Wanda Zai Yi Ciwo a Gida

Ranar da na ajiye aiki a maɗaba'a, an ba ni agogon bango, an karɓe katin asibiti. A kan tebur ɗaya aka yi duka biyun, kuma mutum ɗaya ne ya yi, yana murmushi. Katin nan shi ke kai ni asibiti, ni da matata, tun farkon aurenmu. Agogon kuwa har yau yana aiki.

Daga ranar na zama abin da kamfanonin inshora ke kira mai zaman kansa, wato mutumin da ba shi da mai tsaya masa. Idan kai ma ka bar aiki tun shekarunka ba su kai ba, ko kuwa sana'ar hannu kake yi, kana neman inshorar lafiya da aljihunka zai iya ɗauka, to ka zo inda ya dace. Duk rayuwata kurakurai nake dubawa a littattafan mutane kafin a buga su, saboda haka babu ƙaramin rubutun da ya taɓa tsere mini. Ka bi matakan nan a jere. Na yi maka alkawari za ka samu inshora mai rahusa. Ni na samu, ga katin nan a aljihuna.

Mataki na ɗaya: Ka bar aiki da wuri

Kada ka jira a kore ka. Da zarar ka ga an kawo na'urar da ke yin aikinka, kuma manaja ya fara yawan tambayarka lafiyar idonka, ka je da ƙafarka ka ce ka gaji. Za a kira abin ritaya, har a tafa maka.

Ka kama rabin shago kusa da mai gyaran waya, ka ajiye tebur, ka rubuta a kwali cewa ana gyara rubutun ɗalibai. Za ka ji daɗin 'yanci. Babu mai ce maka ka makara, domin babu wanda ya lura ko ka zo.

A wannan matakin matarka za ta ce, "Malam, batun asibiti fa?" Ka ce mata kana nazari. Wanda ya yi karatu ba ya cewa bai sani ba.

Mataki na biyu: Ka nemi dillali mai fara'a

Namu, mutanen layi suna kiransa Ba Matsala. Ya zo gida da jaka da ƙamshin turare, ya zauna a kujerata, ya baje takardu masu ƙyalli. A kansu akwai hoton wani tsoho da tsohuwarsa suna dariya a bakin ruwa, haƙoransu cif.

"Su wa ke nan?" in ji matata. Ɗinkin labule take yi, kuma ko baƙo ya zo ba ta cire tef ɗin awo daga wuyanta.

"Abokan hulɗarmu ne, Mama."

"Me aka ba su suke dariya haka?"

"Babban tsari suka shiga. Na zinariya. Akwai kuma na azurfa, akwai na tagulla."

"Na gwangwani fa?"

Ya yi dariya, ya ce Mama akwai barkwanci. Ita ba ta yi ba.

Ka saurari bayaninsa har ƙarshe. Tsarin tagulla yana ɗaukar nauyin komai da komai, ban da ido, da haƙori, da baya, da gwiwa, da duk ciwon da ya riga su zuwa jikinka. Kuma in ka shiga, akwai watannin jira, waɗanda a cikinsu ana roƙonka ka daure kada ka yi rashin lafiya.

Mataki na uku: Ka karanta komai

Kada ka zama cikin masu cewa an yaudare su. Ka ɗauko tabarau da jan biro, ka bi takardun layi-layi. Ni na yi. Na sami kurakurai a shafin ƙarshe, na gyara musu kyauta. Ban sami ƙarya ko ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi da su har gobe: komai a fili suka rubuta shi.

In ka gama za ka gano abin da kowa ke ganowa. Kuɗin mutum biyu ya fi ƙarfin teburin gyaran rubutu da keken ɗinki in an haɗa su. Na mutum ɗaya kuwa zai yiwu, muddin ka daina sayen jarida, nama kuma ya zama baƙo a gidan.

Mataki na huɗu: Ku zaɓi wanda zai yi ciwo

Nan ne gwanintar take. Ku zauna ku biyu, ku dubi juna da idon basira, ku fitar da ɗan takara.

Ladabi ya ce kai ka fara tayi. Na ce, "Ke za a sa."

Ta cire allura daga bakinta. "Malam, yaushe rabonka da madubi?"

Sai ta jero hujjojinta. Na girme ta nesa ba kusa ba. Ina da hawan jini. Ina da wani tari da maƙwabta ke gane dawowata da shi. Mahaifina bai ga furfurarsa ba. Wuni nake a zaune kamar an dasa ni. Ita kuwa kullum tana kan tsani a gidajen mutane tana auna taga, tana hawa bene da bandir ɗin yadi a kafaɗa, kuma maganin da ta sani a duniya bai wuce na ciwon kai ba.

Idan kuka kasa daidaitawa, ku kira shaida. Mu ƙanenta muka samu, direban babbar mota, wanda bai taɓa barin damar tsokanata ta wuce shi ba.

"Yaya, wannan ma abin shawara ne?" in ji shi. "Dubi mijinki fa. Ba don yana ƙifta ido ba da tuni mun fara karɓar gaisuwa. Ke ai ke za ki binne mu gaba ɗaya."

"Ka ji ko?" ta ce mini. "Har na tsara abina. Kana tafiya zan sayar da littattafan nan a kan sikeli, in mayar da ɗakin wajen yanka."

Kada ka ji haushi. Ka koma ga littattafan da za a sayar ɗin, ka duba. Za ka tarar malaman ƙididdiga duk sun goyi bayanta: maza ke riga tafiya, musamman irinka. Ilimi da surukai ba safai suke haɗuwa a kan magana ɗaya ba. In sun haɗu, ka sa hannu.

Mataki na biyar: A kula da wanda aka zaɓa

Yanzu gidan ya san majinyacinsa. Za a janye maka gishiri. Za a tashe ka da sassafe a kora ka zagaye unguwa. In ka yi atishawa a ɗaki, za ka ji keken ɗinki ya tsaya a falo, ana sauraro. 'Yarku da ke aure a wani gari za ta riƙa bugo waya, "Mama, ya jikin Baba?" Babu mai tambayar jikin Mama. Ai an riga an gama wannan maganar.

Ka karɓi kulawar nan hannu biyu, haƙƙinka ce. In ka tarar da matarka zaune a tsakiyar matakala da yadi a cinya, za ta ce hutawa take yi. In ta ture abinci, za ta ce ta ɗanɗana a wajen girki ta ƙoshi.

Wata fa'ida ga wanda ya auri mai ɗinki: ba zai taɓa ganin ta rame ba. Duk rigar da ta yi mata yawa, kafin a lura ta rage ta a keke. Kullum kayanta daidai suke da jikinta, tsaf, kamar ranar aka ɗinka.

Mataki na shida: Idan ciwon ya yi ɓatan kai

Wani lokaci ciwo yakan zo gidan daidai, ya shiga jikin da ba a yi masa rajista ba. Shi ba ya karanta ƙididdiga.

Mu wata mai gida da matata ta je yi wa awon taga ce ta kawo ta asibiti a motarta da rana tsaka, ta ce ta sauko daga tsani ta zauna a ƙasa, ta kasa tashi. Likita ya yi hotuna, ya kira ni gefe, ya faɗi sunan abin. Na san kalmar. Na sha gyara ta a rubutun ɗaliban likitanci.

Ka fara da kiran dillali. A karon farko za ka ji ya ce, "Baba, akwai 'yar matsala." Daga nan ka wuce ofishinsu, ka ja lamba, ka zauna a ƙarƙashin hoton tsofaffin nan masu dariya har a kira ka.

"Ina so a cire sunana a sa na matata," na ce wa ma'aikaciyar.

"Ba a canja suna, Baba. Sai dai ta shiga sabuwa."

"To ta shiga."

"Ba damuwa. Sai dai akwai watannin jira. Kuma wannan ciwon ba ya ciki, tunda ya riga mu."

"Jiya fa aka gano shi."

"Amma ba jiya ya fara ba, Baba."

"To ku rubuta ni ne ba ni da lafiya. Kowa ya yarda ni ne. Akwai shaidu."

Yarinyar kirki ce. Sai da ta duba kwamfuta tukuna ta ce mini ba zai yiwu ba.

Abin da ya rage shi ne sayarwa. Ka fara da littattafai. A kan sikeli ake sayensu, kuma za ka yi mamakin yadda manyan marubuta ba su da nauyi. Ƙanenta zai kawo abin da ya samu, ba zai tsokane ka ba, kuma wannan zai fi tsokanar ciwo. Keken ɗinki ka bar shi ƙarshe, domin za ta ce a'a, akwai aikin mutane da ba ta gama ba. Daga baya za ta ce to.

Mataki na bakwai: Ka mori abinka

Kada hidimar jinya ta mantar da kai cewa kai mai inshora ne. Tsarin tagulla yana ba da gwajin jiki gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, kyauta. In ka manta, akwai mai tuna maka.

Matata tana kwance a babban ɗakin mata na asibitin, gado na kusa da taga. Ta wuni tana harare-hararen labulen asibitin.

"Dubi kalmasar nan," ta ce. "Wanda ya ɗinka wannan ko a lahira sai an tambaye shi." Sai ta juyo kaina. "Kai kuma ka zauna ka zuba mini ido kamar kana neman kuskure. Ga ka a asibiti, ga kati a aljihu. Tashi ka je a auna ka."

"Gobe na je."

"Jiya ma haka ka ce. Mun bar nama saboda katin nan, Malam. Ga 'yarka nan zaune, ba guduwa zan yi ba. Je ka su binciko abin da ke cikin ƙirjin nan, ka dawo ka faɗa mini. Ina so in san ba a banza muka biya ba."

In an ce maka haka, ka tashi ka tafi. Ɓangaren masu kati yana ɗaya gefen ginin. Akwai sanyin na'ura, akwai kujeru masu laushi, har shayi ake bayarwa. Za a ɗebi jininka, a ɗaure maka hannu, a manna maka wayoyi a ƙirji, a sa ka taka wani keke da ba ya zuwa ko'ina. Ba sa gaggawa a can, aikinsu suke yi da kyau. Likita zai zaunar da kai ya yi maka bayani dalla-dalla, ya raka ka har ƙofa.

Da na dawo an ja labulen nan ya zagaye gadon. 'Yata tana tsaye a baranda, takalman uwarta a hannunta.

Mataki na takwas: Ka sabunta a kan lokaci

Shekara na zagayowa saƙo zai shigo wayarka. Ni taya ni murna suka yi. Tunda ban kwanta asibiti ko sau ɗaya ba, an yi mini ragi. Ba Matsala ya bugo da kansa, ya yi mini gaisuwar rasuwar matata, ya ce irina kamfani ke alfahari da su.

Ka biya. Yanzu kuɗin ba zai yi maka nauyi ba, tunda cefanen mutum ɗaya kake yi. Ka ga kenan alkawarin da na yi maka ya cika.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba dillali ba ne, ba kuma masanin gaibu ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi su ne da hankalinsa da sa hannunsa. Ba na ɗaukar alhakin zaɓin da kuka yi, ko na shaidar surukai, ko na ƙididdigar malamai, ko na abin da zai same ku a watannin jira, ko na shirun da falo zai yi daga baya. Kada a zo shagona da ƙorafi. Ku kai shi ofishinsu, akwai lamba, akwai kujeru.

Saura saƙo ɗaya da aka aike ni ban isar ba, kuma ba naka ba ne, mai karatu, kana iya tsayawa a nan.

Sun duba ko'ina, ba su sami komai ba. Tarin ba na komai ba ne. Hawan jinin ma ya sauka, aikinki ne. Likita ya ce zan daɗe.