Yadda Za Ki Kama Ɓarawo a Falle Uku Ba Tare da Gabanki Ya Faɗi Ba

Ke da kika saba rubuta labarin sata mai cin kwana bakwai kafin a kama ɓarawo, yau kuma takardarki ba ta wuce falle uku ba, kwantar da hankalinki. Bi matakan nan tiryan-tiryan, na yi miki alkawari shakka za ta bar zuciyarki kafin la'asar. Ni dai ko wasiƙa ban taɓa rubutawa ba, amma na ga yadda Malama Safara'u ta Gagarawa ta yi, kuma gani ya kori ji.

1. Ɗora laifin a kan na nesa

Kada ki yarda a ce basirarki ce ta ƙafe. Nemo mai laifin da ba zai zo ya kare kansa ba. Safara'u ta dace, don shekarun yaƙin Jamus ne, takarda ta yi ɓatan dabo. Mijinta Ɗahiru ya karaɗe kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya tambayi fataken Damagaram ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da falle uku naɗe cikin hula.

"Malam, wannan ai ko sallamar ɓarawon ba za ta ɗauka ba," in ji ta.

"To ya shigo ba sallama mana. Ba ɓarawo ba ne?"

2. San abin da kike tsoro

Tsoro marar suna ya fi cin rai, saboda haka raɗa masa suna. Safara'u da ajami take rubutu, ta karanta wa matan unguwa a tsakar gidanta bayan azahar, suna kaɗin auduga. A wurinsu da zare ake auna labari. Wanda ya isa labari, kowace mace sai ta cika mazari bakwai kafin a gama shi. Na bara ma goma sha ɗaya ya cika, Safara'u ta yi wata guda tana tafiya da ƙyar don alfahari.

Iya Talatu, babbar masu kaɗi, ta sha faɗa cewa labarin da bai cika mazari ba tatsuniyar yara ce. Ga kuma maƙwabciya Zinariya ta fara jan mata zuwa gidanta da waƙa da soyayyar gyaɗa. In Iya ta naɗe tabarmarta ta ƙetara dangar nan, kowa zai bi ta, Safara'u ta koma karanta wa kaji.

3. Kada ki ƙanƙance rubutu

Wannan dabarar shakka ce. Safara'u ta fiƙe alƙalami kamar allura, ta cusa labarin kwana biyu a rabin falle. Da tawada ta bushe, ita kanta ta kasa gane ko ɓarawon ya shiga ɗaki ne ko ya faɗa rijiya. Saura falle biyu da rabi.

4. Sallami dangin ɓarawo

Nan ne wurin kuka, ki yi abinki ba kunya. Safara'u ta saba da waɗanda ake zargi mutum tara, kowanne da asalinsa har kaka na huɗu. Akwai wani kawun ɓarawo da ke bin ta daga labari zuwa labari, kullum sai ya tafi Sule Tankarkar sayen jaki, a yi kwana biyu ana ciniki, alhali ba ruwansa da satar. Ta fi son mutumin nan da wasu danginta na jini. Ta sallame shi da jakinsa, ta yini tana makokinsa.

Abin da ya rage mata: ƙwaryar zuma da ta ɓace a wani gida, amaryar da ake zargi, wanzamin da ya shigo aski, da maigida mai rantsuwa sai ya tona asirin ɓarawo.

5. Kada ki gwada a kan mijinki

Ɗahiru ya saurara, ya ce, "Har an gama?" Yabo yake nufi. Safara'u ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi, ta tura takardun cikin gafaka, ta ce gobe za ta ce wa mata ciwon kai take yi. Da safe ta tuna ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma Iya Talatu da jiƙon maɗaci take duba mai ciwon kai. Ta shimfiɗa tabarmi.

6. Karanta, kada ki ɗaga kai

Mata suka zauna, kowace da mazarinta da allinta. Safara'u ta fara karatu. Zuma ta ɓace. Amarya ta yi kuka, wanzami ya zazzage zabirarsa, maigida yana ta zare ido. Sai amarya ta lura da tururuwa sun yi layi daga bakin rumbu, ta bi su a hankali, suka ratsa tsakar gida, suka shiga turaka, suka haye gado, suka tsaya cak a kan hular maigida.

Shi ke nan. Ko inuwa ba ta kai gindin turmi ba.

Safara'u ta ɗaga kai, ta dubi mazarai, ta ga babu wanda ya ɗauki zaren kirki. Ta sunkuya tana jiran a naɗe tabarmi.

7. Karɓi hukunci

"Safara'u, kin cuce mu," in ji Iya Talatu. "Dubi, ko kamu ɗaya ban kaɗa ba."

"Iya, a yi haƙuri, na san ya yi gajarta. Yaƙin Jamus ne..."

"Wane Jamus? Ina zan sami hannun kaɗi ina bin tururuwa? Ai da can, da kin shiga cinikin jakin nan sai mu saki kunne mu kama aiki. Ni labarin baran nan mai mazari goma sha ɗaya, har yau ban san wa ya yi satar ba."

"Wallahi ni ma," in ji wata daga baya. Sai aka kwashe da dariya.

Safara'u ta rasa ta yi murna ne ko ta yi fushi. Shekara shida tana ƙirga zare tana jin kanta gwana, ashe yau ne karon farko da aka saurare ta daga farko har ƙarshe. Murna ta rinjaya, har da ƙwalla.

"Sake karanta mana," in ji Iya, tana ajiye mazarinta a gefe. "Tsofaffin labaran kuma kar ki yar, 'yar nan. Masaƙi na jiran zaren abawa, jibi sai ki ɗauko mana dogo."

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba shi da hannu in zaren unguwarku ya yi ƙaranci, ko masaƙa suka yi fushi, ko mazan gari suka fara kakkaɓe hula kafin su shiga gida. In kuma kin gajarta labarin aka ci gaba da kaɗi ba a ɗaga kai ba, kada ki neme ni. Wannan ba laifin Jamus ba ne.